Ruwan Farkon Da Sinawa Ke Zubarwa

Sai da na kwana uku a birnin Gwanzu na ƙasar Sin sannan na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa. Dillalin da ya yi mini hanya a Kano, wani mai suna Ɗan'azumi, ya rantse mini cewa gyaran injin ban-ruwa zan koya a ƙasar Sin, shekara biyu, in dawo Kazaure ina injiniya. Takardar da ya ba ni kuwa duk rubutun Sinanci ce, kamar sawun kaji a kan rairayi. Wani ɗan Babura mai sarin kayan waya, wanda na sauka a ɗakinsa, shi ya kai ta wurin mai fassara. Ya dawo yana dariya har da riƙe ciki.

"Haladu, wai injin me aka ce maka?"

Na ce, "Na ban-ruwa mana."

"To, Allah ya ba ka haƙuri. Ajin shayi aka rubuta ka. Shayi dai, na sha."

Na kira Ɗan'azumi ya fi sau ashirin, wayar a kashe. Har yau da nake wannan rubutu ba ta kunnu ba. A makarantar aka ce mini ajin injuna ya cika, sai baɗi. Kafin nan dole in yi wata uku ina koyon aiki a wani gidan shayi a lardin Fujiyan. In mai gidan ta sa hannu a takardata, a sabunta mini biza, in shiga ajin injuna. In ta ƙi, in tattara in koma inda na fito.

Komawa kuwa ba ta cikin lissafina. Tun kafin in taho 'yan majalisarmu a Kazaure sun fara kirana Injiniya. In na koma bayan wata uku hannu rabbana, sunan nan ba zai mutu ba, sai dai ya koma abin tsokana har jikokina su gada. Sannan ga Baffa.

Baffa shi ne mahaifina. A gidanmu a Gwiwa shayi ba abin wasa ba ne. Kullum bayan la'asar, in ya dawo daga wurin shanu, zai zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida da kurfotinsa da 'yar shuɗiyar butarsa. Koren ganye ne, wanda 'yan Nijar ke kawowa kasuwar Babura. A tafasa shi har ya yi baƙi, a zuba sukari ba ƙauro, a ɗaga buta sama a tsiyaya har kumfa ta tashi. Sau uku ake dafawa. Ruwan farko, mai ɗaci da kauri, na babba ne, Baffa ke shan abinsa, sai fa in an yi baƙo mai daraja. Na biyu na tsaka-tsaki, na uku na yara. Ni ɗan fari ne, shi kuwa Bafulatani ne mai kunya. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai", bai kuma taɓa ce mini na yi daidai ba. Na uku nake sha a hannunsa har na yi gemu. Ranar da zan taho bai ce mini uffan ba. Sai a Gwanzu na buɗe jaka na tarar da shuɗiyar butar a naɗe cikin rigata.

Saboda haka, duk da baƙin cikina, ban ji tsoron ajin shayi ba. Ni ne mai dafawa a majalisa, har Sarkin Kumfa ake ce mini. Na ce a raina, wata uku ai ya yi yawa, a mako guda zan koya musu abin da ba su sani ba.

Jirgin ƙasa ya kai ni Fujiyan, bas ta hau da ni duwatsu tana ta kwana. Duwatsun Kazaure da muke taƙama da su, a nan sai a ce tsibin ƙasa ne. Mai gidan shayin wata dattijuwa ce gajera, Madam Lin, ba ta dariya sai da dalili, dalilin kuma ba ya zuwa. Shagon kashi biyu ne. A gaba ana sayar wa matasa shayi mai sanyi a kofin roba. A ciki akwai teburin katako inda take zama da masu sayen ganye. Da waya muke magana: ta faɗa da Sinanci, wayar ta maimaita mini da Turanci. Kalmar da na fara koya ba tare da waya ba ita ce "bu dui", wato ba haka ba. Ta faɗa mini ita sau ba adadi a ranar farko, har na raɗa mata suna Madam Ba-haka-ba.

Ta miƙo mini kofi na farko, na ga ƙanƙara tana yawo a ciki. Shayi da ƙanƙara! Na kurɓa. Wallahi ruwa ne da aka nuna masa ganye daga nesa, ga wani ƙamshi kamar na sabulun wanka. Ta ce koren shayi ne da aka turara da furen yasmin. Na ce ko da sukari a kusa? Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ɗauke kofin.

Daga nan aka shiga dokoki. Koren shayi ba a tafasa shi. Ruwan ake tafasawa, a sauke, a bari ya ɗan huce, sannan a zuba wa ganye. Minti biyu, ba ƙari. A tace, a juye shi nan take a kan ƙanƙara, in ka yi jinkiri ya gurɓace ya yi ɗaci. Na ce to ai ɗacin ake nema. Ta ce ba haka ba. Wani ma ko wuta ba ya gani, a ruwan sanyi ake jiƙa shi a sa a firiji tun safe har yamma, kamar ana jiƙa tsamiyar kunu. In za a ɗanɗana, sai a zuƙa da ƙara, a juya a baki, a tofar a wani kwano. Abin da ba haram ba, ba guba ba, ka sa a baki ka tofar. Ni a wurinmu wannan wulaƙanta arziki ne.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da na gani a teburin ciki. A can take haɗa ulong, wani ganye da ke tsakanin kore da baƙi, wanda ake murzawa ya dunƙule ƙanana-ƙanana kamar kashin awaki. Ta zuba shi a wani ɗan kofi mai murfi, ta kwara masa ruwan zafi. Na gyara zama ina jiran in ga wa za a ba. Sai ta ɗaga kofin ta tuntsurar da ruwan duka a kan tebur, ya bi ta wani rami ya tafi.

Na ce, "Innalillahi! Madam, me ya faɗa ciki?"

Wayar ta amsa mini da muryarta mai sanyi: "Ba komai. Ruwan farko na wanke ganye ne. Ba a sha."

Ruwan farko. Wanda na yi shekara talatin ina kallonsa a hannun Baffa ban isa in taɓa ba. Shi suke ba magudana. Ranar na tabbatar mutanen nan suna da ganye amma ba su san darajarsa ba.

A mako na uku na tafka ta'asar. Wasu manyan baƙi uku za su zo daga birni su ɗanɗana ulong ɗin bazara, wanda ƙanenta ke nomawa a saman dutse. Ɗan gwangwani guda ne tak ya rage, ta ajiye shi musamman saboda su, don in ya yi musu za su riƙa sayen na gonar duk shekara. Ta fita taryensu a tasha, ta ce in ɗora ruwa in shirya tebur. Na ji abin da ta ce sarai, ba zan yi wa waya ƙarya ba. Amma da na tsaya ina kallon 'yan kofunan nan da ba su fi murfin kwalba ba, sai tausayinta ya kama ni. Mutane su taso tun daga birni, manya da su, a ba su ruwan ɗumi ba sukari, a kuma zubar da na farko a gaban idonsu? A Gwiwa in ka yi wa baƙo haka, har ka mutu ana ba da labarin rowarka. Na ce baiwar Allah nan ba ta da mai faɗa mata gaskiya, bari in rufa mata asiri.

Na hau sama na ɗauko butar Baffa. Na juye rabin gwangwanin a ciki, na ɗora a kan rishon gas, na bar shi ya tafasa har ya yi baƙi yadda ya kamata. Na sayo sukari a shagon maƙwabta, na tsinko na'a-na'a a bayan gida. Suna shigowa suka same ni na ɗaga buta sama da kaina ina tsiyayawa. Ban taɓa tada kumfa irin ta ranar ba. Na durƙusa na miƙa wa babbansu ruwan farko da hannu biyu.

Mutumin kirki ne, ya karɓa ya kurɓa. Sai idonsa ya kawo ruwa, ya shiga tari, na kusa da shi yana bubbuga masa baya. Madam ta leƙa butar, ta leƙa gwangwanin, ta mayar da murfinsa a hankali. Da ihu ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta haɗa musu da ragowar ganyen, suka sha, suka tafi ba tare da sun ce eh ko a'a ba. Garin neman gira na rasa ido.

Da suka fita ta zaunar da ni, ta ajiye wayar a tsakaninmu.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Mahaifina."

Ta ce, "Hannunka yana da kyau, ban taɓa ganin mai zuba shayi daga can sama bai zubar da ko ɗigo ba. Harshenka ne ya mutu. Sukari da barkono sun kashe shi." Ta jawo takardar makaranta ta danne ta da gwangwanin da na ɓarnatar da rabinsa. "Kwana arba'in. Ba sukari, ba barkono. Ranar zan ba ka kofi biyar. Ka gane su duka, in sa hannu. Ka kuskure ɗaya, ka koma wurin mahaifinka."

Ni Haladu, Sarkin Kumfa, wai harshena ya mutu. Na fita ina tafasa kamar butar. Na kira abokina Sabi'u na majalisa don in huce, yana ɗagawa ya ce, "Injiniya! Yaya injuna?"

Na ce, "Suna nan, muna ta fama da su."

"Af, Baffa ya shigo Kazaure ranar kasuwa, ya biyo ta majalisa. Ka san shi, bai ambace ka ba. Ya dai tsaya ya tambaya wai ko ana sanyi a ƙasar Sin. Muka ce ba mu sani ba, ya ce to, ya wuce."

Na kashe wayar na zauna a bakin titi. Daga Gwiwa zuwa majalisarmu ba hanyar kasuwa ba ce, ratse ya yi. Kewar gida ta taso mini, na kuma san ba zan iya komawa in tsaya gaban mutumin nan ba takarda ba.

Akwai wani mai taliya kusa da tasha, Musulmi ne, sunansa Ma. Rubutun Larabci na gani a ƙofarsa ranar da na iso, na yi sallama ya amsa, tun daga nan a wurinsa nake cin abinci, shi ya nuna mini alƙibla. Na kwashe labari na faɗa masa ta waya. Ya yi dariya har ya share hawaye da gefen rigarsa, sannan ya miƙo hannu. Na gane abin da yake nufi. Na ciro kwalbar yajin da Inna ta daka mini, wadda nake barbaɗawa a kan duk abin da ƙasar Sin ta dafa, na ba shi. Ya ce har da butar. Ya ɗora su a can saman kanta inda hannuna ba ya kaiwa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Sabr." Wannan kam ba ta bukatar waya.

Kwana arba'in ɗin nan ban yi wa maƙiyi fatansu ba. Taliyar Ma ba barkono kamar cin auduga take. Da safe in sha ruwa, in ɗanɗana, in tofar, in ji ba haka ba. Da rana haka. Duk kofunan ɗanɗanonsu ɗaya a bakina, ruwan sanyi mai ƙamshin sabulu. Na riƙa mafarkin kunun tsamiya da ƙosai da yaji. Ma ne ya koya mini dabarar da Madam ta ɗauka kowa ya sani: kafin ka kurɓa, ka sansana murfin kofi, hanci ya riga harshe. Kullum in na zo sai ya rufe mini ido da tawul, ya kawo mini abu a hanci, yau ɓawon lemo, gobe citta, jibi ganyen shayi, masu cin taliya suna kallonmu suna dariya.

Wajen kwana na ashirin da biyu abin ya faru. Na kurɓi koren shayin da na jiƙa tun safe, na tofar, ina shirin wucewa, sai na ji wani zaƙi siriri yana tasowa daga can ƙasan maƙoshi, alhali ban sa ko ƙwayar sukari ba. Na sake kurɓa, ya sake zuwa. Kada ku ɗauka murna na yi. Haushi ne ya kama ni, don hakan yana nufin tun farko matar nan ita ce da gaskiya.

Daga nan kofunan suka fara rabuwa. Mai yasmin ƙamshinsa a hanci yake tsayawa. Mai lemon tsami yana tsinke harshe ta gefe. Ulong mai haske yana da wani maiƙo kamar na madara. Wanda aka gasa kuwa ƙamshin ƙanzo gare shi, in aka haɗa shi da zuma da ƙanƙara, ko ni sai da na haɗiye sau biyu a ɓoye. Na koyi sanin zafin ruwa da ido, daga girman kumfar da ke tasowa a gindin tukunya. Na koyi zubar da ruwan farko, amma kullum sai na kau da kai.

Ranar ta zo. Kofi biyar a jere, kowanne da ƙanƙara, takardata a gefe, biro a kanta. Na farko yasmin. Na biyu ulong gasasshe da zuma. Na uku kore da lemon tsami. Na huɗu ulong mai haske, ba a sa masa komai ba. Duk tana gyaɗa kai. Na ɗauki na biyar na kurɓa. Ban san lokacin da fuskata ta yamutse ba, na tofar da shi da sauri na goge baki.

Na ce, "Wannan ɓatacce ne. An tafasa ganyen, an ƙona shi. Ba ya shawuwa."

Ta ce, "Dui." Haka ne. Karo na farko ke nan da na ji kalmar ita kaɗai ba "bu" a gabanta. Ta ɗauki biro ta sa hannu.

Ina tsaye da takarda a hannu sai ƙamshin kofi na biyar ya dawo mini a hanci, na gane shi. Ƙamshin gindin tsamiya ne bayan la'asar. Koren ganye ne da aka tafasa har ya yi baƙi, sukari kawai aka hana shi. Shayin Baffa na tofar, na ce ba ya shawuwa, kuma da gaske nake. Na samu takarda, amma ban yi tsallen da na shirya ba.

Sauran labarin gajere ne. Na karɓo yajina da butata a wurin Ma, na shiga ajin injuna, na gama. Duk hutu ina komawa shagon Madam in taya ta. Baƙin nan ma daga baya sun dawo sun sayi ganyen ƙanenta, babbansu in ya gan ni sai ya dafe maƙoshi yana dariya. Ranar da zan taho gida Madam ta ba ni ɗan gwangwani irin wancan, ulong ɗin bazara, cike.

"Na mahaifinka ne. Sau bakwai zai ba da ruwa. Kada a tafasa."

A aljihun gaba na riƙo shi har Kano. Duk tsawon tafiyar ina tsara yadda zan koya wa Baffa, da ladabi, a hankali, yadda ba zai ji na raina shi ba.

Na isa Gwiwa da la'asar. Gindin tsamiya cike, ga liman, ga Kawu Bello wan Inna da ya taso tun daga Roni. Na tsuguna na gaida Baffa, ya amsa yana kallon wani wuri kamar yadda ya saba. Na ajiye masa shuɗiyar butarsa, na ajiye gwangwanin, na ce, "Baffa, ga tsaraba, ganyen shayi ne na can, na ainihi." Na buɗe baki zan fara bayani, aka ce Inna tana jirana a ciki. Na ce bari in gaishe ta in fito.

Da na fito, tun daga zaure na ji ƙamshin. Shuɗiyar buta tana kan kurfoti tana tafasa har murfinta yana rawa. Gwangwanin a buɗe, rabi ya tafi. Baffa yana kwarara sukari daga leda. Ganyen da aka tsinka da hannu a saman dutse, wanda zai ba da ruwa sau bakwai, yana can yana ƙonewa. Wallahi "ba haka ba" ta zo mini har bakin haƙora. Na cije ta, na nemi gefen tabarma can baya na zauna, inda na saba jiran na uku.

Ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, kumfa ta tashi. Ya cika kofin farko. Ga liman a damansa, ga Kawu a hagunsa, baƙo daga nesa. Sai ya miƙo hannu ta tsakaninsu, idonsa yana kan shanu.

"Kai. Karɓi."

Na duba bayana ko da wani, ba kowa. Na matso a durƙushe na karɓa da hannu biyu.

Ɗaci ya doki harshena, zaƙi ya biyo ya danne shi, duk abin da Madam ta gina a shekara biyu ya tashi yana kururuwa. Idona ya kawo ruwa kamar na baƙon nan na birni, kuma ba zan ce duk laifin shayin ba ne. Na shanye har kumfar.

Baffa ya dafa na biyu, ya ba liman da Kawu, ya kurɓi nasa ya juya shi a baki.

"Ganyen nasu ba laifi," in ji shi. "Sai dai yana son wuta sosai."

Na miƙa masa kofin da hannu biyu, na ce, "Haka ne, Baffa."